Makaɗin Cikin Dutse

Inna Tumba, kakata ta wajen uba, tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta gyara itace a murhu, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ga ta nan tahe, ku matsa mata wuri." Mu kuma mu amsa, "Ta zo ta zamna." Dole ne kowa ya ɗan gusa, ko da faɗin tafin hannu ne, in ba haka ba bakinta ba zai buɗe ba.

A ƙauyenmu ne, can bayan Nahuce, lokacin kaka. An ci tuwo bayan magariba, an tura mana gyaɗa cikin toka tana gasuwa. Tabarma ɗaya ce, mu jikoki kuwa mun fi ƙarfinta. Ni ne sarkin son gefen wuta, har Inna takan ce, "Wanga miji nau, ba noma ba cehwane, sai jin ɗumi."

Ran nan Hajo, 'yar baffana da aka kawo gidanmu bayan rasuwar mahaifiyarta, ta riga ni wurina. Ban yi wata-wata ba na sa kafaɗa na ture ta. Ta tashi ta tsaya a bayanmu, inda hasken wuta bai kai ba, ko kuka ba ta yi ba. Inna ta gani sarai. Sai ta fara tatsuniya.

Wai akwai wani gari a gindin dutse. A saman dutsen akwai kujeru, su ma na dutse, daidai yawan mutanen garin. In aka haifi jariri, da safe sai a tarar sabuwa ta tsiro. Duk kaka sukan hau su ci sabon gero tare. Wata shekara suna zaune, sai kiɗa ya tashi daga cikin dutsen. Ba a ga makaɗi ba. Ƙafafu suka ɗauki masu su, tsoho da yaro, aka yi ta zagaye ba da son rai ba. Nan Inna ta kifa ƙwarya tana bugawa da yatsu, a hankali a hankali. Sai ta ɗauke hannu.

"Ɗif! Kiɗi ya tsaya. Kowa ya hwaɗa bisa kujera, ashe guda ta nutse. Wanda anka bari tsaye, dutse ya kama shi tun daga tahin ƙahwa har ƙoƙon kai. Duwatsun ga da kuka gani tsaitsaye bisa hanyar Tsahe, mi kuka zato su na?"

Na taɓa ganinsu ta tagar mota, dogaye, wasu sun ɗan sunkuya kamar masu jiran a kira su. Daga nan babu wanda ya ƙara tuna gyaɗar da ke cikin toka.

Kiɗa ya dawo, wata kujera ta sake nutsewa. Nan fa zumunci ya watse. Wa ya ture ƙane, maƙeri ya sa ƙarfin damtse, mai wayo ya riƙa rawa hannunsa na shafar kujera. Babu wanda ya tambayi wa ke kiɗan, kowa idonsa na kan na kusa da shi. To akwai wata mai daddawa, mace mai jiki, da ta shekara bakwai tana gaba da maƙwabciyarta saboda akuya ta ci mata shanya. Kiɗa ya tsaya, mai daddawa ta samu kujera, maƙwabciyar ta rasa. Dutse ya kama idon sawunta, ya hau ƙwauri, yana neman gwiwa.

"Sai mai daddawa tac ce, 'Ke! Gabarmu daban, wagga daban.' Taj jawo ta, ta aza ta bisa cinya. Dutse kau yas saki."

Makaɗi ya fusata, ya riƙa nutsar da kujeru biyu-biyu, goma-goma. Duk wanda ya samu wuri sai ya ɗauki wani. Har ta kai saura kujera ɗaya tak, gari guda a zaune, wannan a cinyar wancan, layin ya zagaye dutsen ya dawo inda ya faro. Makaɗi ya buga ya tsaya, ya buga ya tsaya, bai samu ko mutum ɗaya a tsaye ba. Da ya matsa, fatar gangar ta yage.

Na ce, "Inna, waɗanda sunka riga sunka zam dutse hwa?"

"Suna nan tsaye, maigida. Tausai ya makara gare su." Sai ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, ta jawo Hajo ta ɗora a cinyarta. "Ƙurunƙus, na ɗauke kujerata." Wutar da na yi faɗa a kanta ta isa ta gasa ni ranar, don kunya. Amma girman kai irin na yaro bai bar ni na ba Hajo haƙuri ba.

Yau ni ne shugaban wata makarantar firamare a gefen Gusau. Tun da rashin tsaro ya fara koro mutane daga ƙauyuka, yara suka fi bencinanmu yawa. Ba dabarar da ban gwada ba: in kwashe 'yan wannan aji in kai wancan, in raba su safe da rana, in sa a ɗauke benci daga nan a kai can. Wata safiya wata mata ta shigo ofishina riƙe da hannun 'yarta, ƙafafunsu futu-futu.

"Malam, ko ƙasa ta zamna. Ɗiyar ga na son karatu."

Na ce mata babu wuri, ta dawo wani zangon. Na faɗa ne ba tare da na ɗaga kai sosai ba, don na saba faɗa.

Suna fita sai ga wata 'yar bautar ƙasa da aka turo mana daga kudu, ta ga sabon jadawalin da na liƙa, ta ce da Turanci wannan ai *musical chairs* muke yi. Na tambaye ta ma'ana. Da guntuwar Hausarta ta ce wasan yara ne: ana kiɗa ana zagaye kujeru, kujerun ba su kai yawan yaran ba, in kiɗa ya tsaya wanda ya rasa ya fita. Ta ce masu Turanci sukan faɗi haka ga duk lamarin da ake ta sauyin wuri, manya na musayar muƙamai ko jama'a na ribibin abin da bai isa ba, a ƙarshe dai wani ya tashi a tutar babu.

Sai na tuna da Inna. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce kasuwar Gusau ba, ina ta samo abin da ke bakin mutanen wata duniya? Na ce, "A naku wasan, ana ɗaukar wanda ya rasa a cinya?"

Ta yi dariya. "Malam, ai sai wasan ya lalace."

Wallahi sai da na ji ƙwaryar Inna a kunnena. Na leƙa taga, matar nan da 'yarta suna nan tsaye a bakin ƙofar makaranta, babu inda suka nufa. Na fita da kaina na kamo hannun yarinyar, na kai ta ƙofar aji biyu, na ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri." Yara suka zuba mini ido, ba su san amsar ba. Can wata 'yar firit a ƙarshen benci ta gusa, ta ga babu inda za ta gusa, sai ta bubbuga cinyarta ta ce, "Zo ki zauna."

Har yau ban san wa ke kaɗa gangar da ta taso mutanenmu daga gidajensu ba, ba ni kuma da ƙarfin yaga ta. Abin da na gane a makare shi ne, Inna ba dabarar samun kujera ta koya mana ba, dabarar lalata wasan ce.

Da yamma na kira Hajo a waya, tana Tsafe da jikokinta, na ba ta haƙurin turewar da na yi mata tun muna yara. Ta yi ta dariya har da tari.

"Kai ka samu wuta, ni na samu cinyar Inna. Wa yac ci riba?"