Talatar Mama Guga

Shekara talatin da ɗaya Mama Guga ta yi a tsaye bayan tebur guda, a ɗan shagon da ke ƙarƙashin matakalar wani bene, tana miƙar da kayan mutane. Sunanta na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a unguwar. Har Fasto, in zai ambace ta daga kan bagade, Mama Guga yake cewa. Gajeriyar mace ce mai kaurin damtse, kuma ba ta iya aikin rabi da rabi ba. In ta kafa wa wando kari, sai an wanke shi sau biyu kafin karin ya kwanta. Haka take bin Ubangiji ma. Abin da aka ce a yi, ta yi shi ba ƙari ba ragi, sannan ta ɗaga kai ta jira shi ma ya cika nasa.

Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata 'ya'ya biyu, Dogo da Auta. Dogo ya zama magini, yana da shekara ashirin da bakwai, har an fara maganar aurensa. Wata safiya katakon da magina ke takawa ya karye da shi a hawa na uku. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Shugaban aikin wani mutum ne da ake kira Injiniya. Bai taɓa leƙa makarantar injiniyoyi ba, amma ko sujada zai zo da abin awonsa a maƙale a ƙugu, kuma yana cikin dattawan ikilisiya. Shi ya gaya wa jama'a, cikin sassanyar murya kamar ba ya son faɗa, cewa Dogo a buge ya zo aiki ranar. Ranar jana'iza mutane suka riƙa yi mata ta'aziyya idanunsu a ƙasa. Mutuwar ta yi mata zafi, amma wannan sunkuyar da kan ya fi cin ranta, don ta san ɗanta ko warin giya ba ya so.

Bayan mako biyu ta je ofishin Fasto, ta ƙi zama.

"Fasto, ina so ka sani tun da wuri. Zan je gidan mutumin nan da dutsen guga mai zafi."

"Mama, zauna tukuna," in ji Fasto. "Ramuwa ba aikinki ba ce. Ubangiji ya ɗauki wannan a kansa, ya yi alkawari shi zai sāka. Naki shi ne ki yi wa mutumin alheri."

"Alkawari ya yi?"

"Alkawari ya yi."

"To, na ji," ta ce, ta fita.

Fasto ya zaci ya kwantar mata da zuciya. Bai san yarjejeniya ya ƙulla mata ba. Shekara huɗu tana gaishe da Injiniya kowace Lahadi a bakin ƙofar majami'a, har da rusunawa, tana duban fuskarsa ko abin ya fara. Shi kuwa sai ƙiba yake yi, har ya ƙara ɗaki biyu a gidansa.

A shekara ta biyar Auta ta shigo shago da labari: Injiniya ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ba za a ɓoye ba, Mama Guga ta ji daɗi. Daɗin ya kai ta manta dutsen guga a kan rigar wani malamin makaranta har ta ƙone, abin da ba ta taɓa yi ba a tsawon sana'arta.

"Ya fara," ta ce wa Auta.

Zumuntar mata ta raba kwanakin zuwa taya matar Injiniya jinya. Shugabar zumunta, mace mai hankali, ta tsallake sunan Mama Guga. Mama Guga ta ɗaga hannu a tsakiyar taro ta ce a ba ta Talata. Mata suka yi ta share hawaye suna cewa irin wannan gafara sai a sama. Ba gafara ba ce. Tsoro take kada nata ɓangaren na yarjejeniyar ya yi giɓi, Ubangiji ya tsaya a rabin hanya. Kuma tana so ta gani da idonta.

Ɗakin ƙarami ne, gado a jikin taga, leda a ƙarƙashin zanin gado, kujerar roba ɗaya da bokiti. A bango an manna takardar da likita ya bayar, mai zanen yadda za a riƙa lanƙwasa hannu da ƙafa, kowanne sau ashirin, da yadda za a sa mara lafiya ya riƙa maimaita kalmomi. Matar Injiniya tana fama da ciwon baya, ba ta iya ɗaga shi. Sauran matan zumunta in sun zo, su yi waƙa biyu, su yi addu'a, su wanke kwanuka, su ce Allah ya ƙara sauƙi.

Mama Guga kuwa ta karanta takardar daga sama har ƙasa. An ce ashirin, ashirin take yi. Ta tsoma tawul a ruwan zafi, ta matse, ta danna masa daga kafaɗa zuwa wuyan hannu da irin ƙarfin da take danna wuyan riga. Ta buɗe yatsun da suka dunƙule ɗaya bayan ɗaya. Ta juya shi, ta canza zani, ta goge masa miyau. Sannan ta ja kujera gabansa.

"Ce ruwa."

Leɓensa ya yi ta rawa.

"Ban ji ba, Baba. Ce ruwa."

Duk lokacin da ta shigo, hawaye ke bin gefen fuskarsa har cikin kunne. Takan share su da kyau, a ranta tana cewa wannan ma somin taɓi ne. Da matar da ke zuwa ranar Juma'a ta yi tafiya, Mama Guga ta haɗa da Juma'ar, don ta ga ba a bin takardar yadda ya kamata, ita kuma ba ta iya ganin aiki a karkace ta wuce.

A wata na bakwai, tana buɗe masa yatsu, sai yatsun suka rufe a kan nata, suka riƙe. Ta fizge hannunta kamar ta taɓa wuta. Ta tsaya tana kallon hannun nan da ta ɗauka Allah ya riga ya karɓe, ga shi yana motsi a kan zani.

Mako na gaba ta raka su asibiti don ita ce mai iya ɗaga shi. Likita ya lanƙwasa gwiwar, ya miƙar, ya dubi matar Injiniya.

"Wa yake masa wannan aikin a gida?"

Matar ta nuna Mama Guga.

"Mama, ban sa ran mutumin nan zai sake taka ƙasa ba," in ji likita. "Bayan ikon Allah, hannunki ne ya tashe shi. Kada ki fasa."

Ba ta san yadda ta iso gida ba. Auta ta same ta zaune a ƙasa a shago, da rana tsaka, kaya jibge ba ta taɓa ko ɗaya ba.

"Mama, lafiya?"

"Ni na kwance shi," ta ce. "Allah ya ɗaure mutumin nan, ni na bi da hannuna na kwance."

"To ki daina zuwa mana."

"In na daina, na karya nawa. In na ci gaba, ina rushe nasa. Ki gaya mini wanne zan yi."

Ranar Talata Mama Guga ta ɗauki tawul ɗinta ta tafi, ranta a dagule, ta yi ashirin ɗin nan cif.

Bayan wata huɗu, ranar wata Lahadi, Fasto ya ce akwai mai shaida. Injiniya ya tashi da sanda, yana jan ƙafa, ya nufi gaba. Jama'a suka ɓarke da tafi, mawaƙa suka ɗauki waƙa. Mama Guga tana layi na uku kusa da Auta, hannuwanta a kan cinya, ba ta tafa ba. Ta san abin da zai faɗa: ya gode wa Allah, ya gode wa likita, ya kira sunanta a sake tafa mata.

Ya jira waƙar ta mutu. Maganarsa a hankali take fita, kalma na jan kalma, amma kowa yana ji.

"Wata goma sha ɗaya ina kwance. Bakin nan ya ƙi buɗewa. Matar da ta buɗe shi tana nan zaune. Na roƙi Ubangiji, in ya mayar mini da magana, abin da zan fara faɗa a gabanku ke nan." Ya gyara riƙon sandarsa. "Dogo bai sha komai ba. Ƙarya na yi masa."

Fasto, da ke tsaye a gefensa yana murmushi, ya nemi kujera ya zauna.

"Katakon ya ruɓe, na sani. An kawo sababbi, na ce a bar su sai aiki na gaba. Yaron ya taka, ya sauko, ya ce, Baba, wannan ba zai ɗauke ni ba. Na ce ya hau, ni na fi shi sanin katako. Sauran magina suka ce kada ya hau. Sai ya yi dariya, ya ce musu mamarsa ta hana shi musu da na gaba da shi. Ya hau."

Wata mata a baya ta fashe da kuka. Matar Injiniya ta rufe fuska da gyale. Kawuna suka juyo wajen layi na uku, kuma wannan karon ba wanda ya sunkuyar da kai. Abin da Mama Guga ta yi kusan shekara shida tana nema a fuskokin mutanen nan, ga shi an ba ta a gaban kowa. Amma ba ta ga ko ɗayansu ba. Kunnenta ya tsaya a kan maganar ƙarshe da Dogo ya yi. Muryarta ce. Ta san lokacin da take faɗa wa Dogo haka, ta san inda take tsayawa a bakin ƙofa tana gyara masa wuyan riga.

Aka rufe sujada ba tare da waƙar ƙarshe ba. Dattawa suka kewaye Injiniya suka shiga da shi ofis. Fasto ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Mama, Ubangiji ya wanke sunan ɗanki."

"Ya wanke," ta ce. Ba ta dube shi ba.

Mutane suka watse, mai shara ya fara jera kujeru. Auta ta kama damtsenta ta ce su tafi gida, amma matar da ta yi shekara talatin da ɗaya a tsaye ta ci gaba da zama.

"Auta, ke ma haka nake gaya miki?"

Auta ta saki damtsenta.

"Kullum, Mama," ta ce.