Tagar da Baba Ya Fasa wa Inna

Ina tsakar gida da littafin soyayyata, sai ga Baba ya shiga madafa riƙe da diga. Baban da ko ruwa ba ya shiga ɗiba!

Daga ƙofar mai gari yake. Wasu masu bincike da suka taɓa rataya mana na'urar auna hayaki a madafa ne suka dawo garinmu Yasore, suka gaya wa maza cewa hayakin itace na cin ƙirjin masu girki.

Inna ta ce, "Malam, lafiya kake fasa mini bango?"

"Taga ce. Tarin nan naki ya cika mini kunne."

Inna ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ni kuwa na rufe littafina.

'Yan uwa, ku a gidanku yaya ake cewa "ina sonki"?