A Ba Ni Ragowar Bandejina

Yayata tela ce, shekara talatin da ɗaya tana taka keke ɗaya. Ni na gama sakandare, ita daga aji huɗu na firamare ta tsaya, amma har yau in muka shiga kasuwa ni ce mai riƙon jaka, ita ce mai ciniki. Shagonta bai fi banɗaki girma ba: keke, benci, madubi mai tsaga a gefe, da ƙusoshi a bango inda take rataye kayan mutane. Tef ɗin awo kullum a wuya, alli da ƙaramin almakashi a aljihu.

Abin da aka san ta da shi, wanda ni yake ba ni haushi, shi ne mayar da ragowa. Ka kawo yadi biyar, ta ɗinka huɗu da rabi, sai ta naɗe sauran ta ba ka. Ko ƙyallen da bai isa share hanci ba, sai ta ƙulle a leda ta bi ka da shi. Na sha gaya mata telolin duniya da ragowa suke yi wa 'ya'yansu sutura. Amsarta ɗaya: “Su suka sani.”

Mijinta kafinta ne. Rannan, da shekarunsa da tumbinsa, ya hau tsani gyaran rufin wani, ya zame, bakin kwano ya yanke shi a bayan cinya, can sama, inda mutum ba ya gani sai an ba shi labari. Aka kai shi asibitin kuɗi saboda shi ne kusa, ya yi kwana shida rub da ciki.

Ranar sallama aka miƙo takarda: dubu ɗari uku da ashirin. Duk abin da muka harhaɗa dubu ɗari da hamsin ne. Ba biya ba sallama, kuɗin gado kuma kullum hawa yake. Yaya ta aika wa dillali ya zo da la'asar ya ɗauki keken. Keken da ya yi karatun yara huɗu! In ya tafi, ga mai gida a kwance, me za su ci? Tsanin?

Ni na fara faɗa wa ofishin akawu. Na buga tebur, na ce cinya aka ɗinke ko sabuwa aka sa masa? Na kira su duk sunan da ya zo bakina. Akawun, wani siriri mai tabarau, ya jira na gaji, ya ce, “Mama, kwamfuta ce ta fitar.”

“To kira min kwamfutar mu yi da ita!”

Ya juyo min da fuskarta. Rashin kunyar 'yan zamani ke nan.

Sai ga Yaya ta shigo, ta zauna, ta gyara tef a wuya. “Ɗana, jimla ba ta gaya min komai. Ni in na ɗinka riga, kuɗin zare daban, na maɓalli daban. Fitar min da kowanne.”

Ya ja tsaki a hankali, ya fitar da shafi uku. Ni ce mai karantawa.

“Bandeji, naɗi ashirin.”

“Tsawon naɗi ɗaya nawa?” in ji Yaya.

Bai sani ba. Ta sa aka kawo ɗaya, ta warware shi a kan teburinsa, ta auna: yadi huɗu da rabi. “Na auna cinyar malam, inci ashirin da shida ce. Zagaye shida ake yi, sau ɗaya a rana. Naɗi shida ke nan. Yadi casa'in da kuka rubuta ya isa a naɗe shi tun daga wuya, a haɗa da ni.”

“Haka ake shigar da shi, Mama, fakiti guda.”

“Madalla. Zan biya. A ba ni ragowata, naɗi goma sha huɗu.”

Akawu ya cire tabarau ya mayar. “Ba a bayar da ragowa a nan.”

“To ina take tafiya?”

Na ci gaba da karantawa: safar hannu kwali uku, kowane kwali ɗari. Yaya ta ce nas ɗin hannu biyu gare ta, ta ƙirga. Ƙarin ruwa leda goma sha biyu. Ta ce biyar ne, in bai yarda ba ya je ya leƙa ƙarfen gadon, duk ledar da aka rataya ta ja layi da alli. Ni da na wuni shida a ɗakin nan ban taɓa lura ba.

Da na zo kan “ɗinki, ashirin da huɗu” sai Yaya ta miƙe tsaye. “A nan kam an shigo shagona. Tara ne.”

Akawu ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya kira likita. Muka ɗunguma zuwa ɗakin marasa lafiya: likita, akawu, nas, ni da Yaya. Mijin Yaya yana ganin mu ya damƙe zanin gado.

“Haba, uwar yara, taro kika kira min?”

“Kwanta, malam, kuɗinka ake ƙirgawa.”

“To ƙanwarki ta fita.”

Na ce, “Ni ma ban ce ina sha'awa ba.” Na juya na kalli bango, ina jin Yaya tana ƙirgawa da ƙarfi har tara, maƙwabcinsa na gado yana taya ta.

Likitan dattijo ne, bai yi fushi ba. Ya ce, “Tara kike gani. Yankan ya yi zurfi, akwai goma sha biyar a ciki, a naman, kafin na rufe fata.”

Yaya ta ce, “Wato shafi ka sa masa, irin na cikin riga.”

“Kusan haka.”

“To shafi aiki ne. A bar ashirin da huɗu.”

Na kusa faɗuwa! Na ce, “Yaya, kin gani da idonki?” Ta ce ita ma ba wanda yake ganin shafinta sai riga ta tsufa, kuma hannun mutumin nan yana da kyau, ko tattara babu. Likita ya yi murmushi kamar an ba shi lambar yabo. Ni kuwa har yau ban yafe ɗinki goma sha biyar ɗin nan ba.

Amma yabon ya yi aiki. Likita ya karɓi takardar, ya sunkuya ya ƙirga layukan alli, ya kalli akawu ta saman ido, ya fara sokewa da biro. Bandeji, safa, ruwa, da wani “kuɗin kulawa ta musamman” da shi kansa ya ce bai san ko mene ne ba. Jimla ta sauko dubu ɗari biyu da goma. Saura sittin ba mu da su. Yaya ta ce ita ma mutane suna karɓar ɗinki su biya ƙarshen wata, a raba mata gida uku. Likita ya sa hannu.

Akawu, don kada ya tashi a banza, ya ce, “Sai kuɗin cire zare, dubu goma, ranar da ya dawo.”

“Cire zare?” Yaya ta zaro almakashi daga aljihu, ta yi ƙyas-ƙyas da shi. “Bar shi. Ni zan warware a gida.”

Mijin Yaya, da aka ce kada ya motsa, ya yi zumbur ya rungume hannun likita. “Don Allah, likita! Matar nan ba ta warware ɗinki a hankali, fizga take yi!”

Likita ya yi dariya har ya dafa gado, ya ce a cire kyauta, a ajiye makamin.

Da muka iso gida da la'asar, dillali yana ƙofar shago da baro, har ya kwance bel ɗin keken. Yaya ta ce ya mayar yadda ya gan shi. Ya fara ƙorafin an ɓata masa lokaci, na buɗe baki zan wanke shi, ta ɗaga min hannu. Ta kalli wandonsa, ta ce aljihun ya yage, ya kawo gobe ta kama masa. Sannan ta zauna, ta zura zare, ta jawo rigar da ta bari rabi tun ranar da tsani ya zame. Dubu ashirin ɗin farko ƙarshen wata ne, in ji ta, in na gama masifa in miƙo mata maɓallai.