Shukar da Ƙanwata ta Kawo Daga Kudu

Ƙanwata ce ta kawo mini ita daga Fatakwal, inda mijinta yake aiki, a cikin baƙar leda, an naɗe saiwarta da jiƙaƙƙen tsumma. Ganyenta ja da rawaya da kore, kamar an yayyafa masa fenti. Na tambayi sunanta, ta ce su dai fulawa suke ce mata. Har ta koma, abin da ta gaya mini kawai shi ne, "Yaya, ki dinga ba ta ruwa."

Na dasa ta a tsohon bokiti, na ajiye a tsakar gidanmu a Daura. Ni 'yar manomi ce. Abin da na sani, in ganyen gero ya yi rawaya, taki yake nema. Sai na tula mata kashin awaki, na tsinke ganyen da suka fi rawaya. Sababbi suka fito kore shar, na yi ta murna. Ba a jima ba su ma suka rikiɗe.

Na kira ƙanwata a waya. Ta yi dariya har da tari. "Ai rawayar ce kyanta, Yaya!"

To, in rawaya lafiya ce, da me zan gane ciwo? Da bazara ta yi zafi ganyen ya fara zuba, na mayar da ita zaure. A can ta daina zubarwa, amma launin ya gudu, ta koma koriya. Na fito da ita rana, ta sake zubarwa. Maigidana ya gaji da tuntuɓe da bokitin, kullum sai ya ce, "Yau kuma ina aka sauki baƙuwar?"

Surukata ta zo daga Mashi, ta daɗe tana kallonta.

"Ana miya da ita?"

"A'a, Inna."

"Magani ce?"

"A'a."

"To, me take yi?"

Amma da za ta tafi, sai ta karya reshe ɗaya ta cusa a kayanta.

Da shekara ta zagayo muka je gaishe ta, na tarar da reshen a gindin darbejiya, wajen wanke-wanke, ya kai gwiwata, ya yi ja jawur. Na ce, "Inna, me kike yi masa?" Ta ce ita ta ma manta da shi.

Da muka dawo gida na tsaya a kan tawa, mai 'yan ganye ƙalilan, buta a hannuna, na rasa ko in zuba ko in bari.