Ranar da Muka Shanya Batir a Kan Kwano

Shekarun baya can, lokacin ina malamin awo a kasuwar auduga ta Funtuwa, na taɓa mallakar kyamara. Abin da ya tuna mini da ita shi ne 'yata, wadda ta zo kwanan nan tana mita wai kyamararta ta zamani, irin wadda ba a sa wa fim, tana cinye batir ko da an kashe ta an ajiye a jaka. Na ce mata wannan ciwon ya girme ta. Bari in faɗa muku yadda na san shi, daga farko zuwa ƙarshe, don ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Kakana Bamaguje ne, ya bar 'ya'ya maza biyu: mahaifina da ƙanensa, wanda muke kira Baffa. Mahaifina ya musulunta tun yana saurayi, Baffa kuma ya bi 'yan mishan. Wannan bai raba musu gandu ba. Gona ɗaya suka noma har suka yi furfura, ƙofar gida ɗaya, dangar kara ce kawai tsakanin sassansu. Ranar Juma'a Baffa ke kula da shanun noma, ranar Lahadi mahaifina. Idan raha ta tashi, Baffa ya kan ce masa Yaya Liman, shi kuma ya ce masa Fasto, alhali babu wanda ya taɓa jan salla ko wa'azi a cikinsu. Idan kuwa magana ta gaske ce, Auta mahaifina yake kiran sa.

Da matar Baffa ta rasu, gwiwa kuma ta fara hana shi sunkuyo, ɗansa da ke aikin asibiti wajen Jos ya ce zai zo ya tafi da shi. An yi ta ja, daga baya aka sa rana cikin bazara, kafin ruwa ya sauka.  Da aka gaya wa mahaifina, cewa ya yi to, ya ci gaba da gyaran ƙotar garmarsa.

Kyamarar nan abokina ne, wanda muke awo tare, ya kawo mini tsaraba daga aikin Hajji. 'Yar baƙa ce, tana cin ƙananan batura biyu, kuma idan babu su ko motsi ba ta yi. Da na ji an sa ranar tafiya, na ƙudura sai na ɗauki hoton gidanmu gaba ɗaya, domin babu hoton mahaifina ko ɗaya a duniya, balle nasa da Baffa tare. Shi mahaifina a wajensa hoto aikin marasa aikin yi ne. Mahaifiyata ce ta yi ta lallaɓa shi har ya ce zai tsaya sau ɗaya, kuma kada a ɓata masa lokaci.

Ni mutum ne da ba ya barin aikin gobe sai gobe. Tun saura makonni na shirya. Na farko, na sayi fim. Na biyu, na sayi batura sababbi. Na uku, na zuba su, na kunna, 'yar jar fitilar da ke nuna tana da rai ta kama. Na kashe, na naɗe ta cikin hankici, na sa a ƙasan akwati. Har tsarin tsayuwa na gama a kaina: dattawa a tsakiya kan kujeru, mata a hagu, maza a dama, yara a ƙasa daga babba zuwa ƙarami. Na kwana da yawa ina jin daɗin kaina.

Ranar ta zo. Da hantsi an gama ɗaure kayan Baffa a bayan akori-kura: gado, akwatin ƙarfe, rediyo, da kujerarsa ta zaman ƙofar gida. Mutanen gida suka fito, masu kayan Salla da masu kayan Kirsimeti. Na jera su yadda na tsara, na tsawata wa masu motsi, na mayar da wata gwaggona wurinta har sau biyu. Mahaifina ya zauna ya ɗaure fuska, idonsa a ƙasa. Tun safe bai dubi motar nan ba.

Na ja da baya, na kunna kyamara. Fitila ba ta kama ba. Na danna, shiru. Na cire baturan na juya su, na goge bakinsu da gefen rigata, na mayar. Shiru dai. Mutane na tsaye cikin rana sun washe baki suna jira, murmushin yana bushewa a fuskokinsu.

"Mai awo," in ji Baffa, "ko ita ma azumi take yi ne?"

Aka kwashe da dariya, layina ya watse. Na yi ta rantsuwa cewa sababbi ne, kuma a kashe na ajiye ta. Na tafi wurin mai tebur na ƙauyen, ba shi da komai sai manyan batura na tocila da rediyo. Ƙananan sai Funtuwa ko Malumfashi, kuma ba ranar kasuwa ba ce, babu mota. Na dawo gumi na zuba, na tarar direba ya riga ya tayar da injin.

Direban ne ma ya ce, cikin wasa, a shanya su a rana mana, kamar yadda ake yi wa batirin rediyo idan ya yi sanyi. Kowa a lokacin ya san wannan dabarar. Batir ya kan ɗan farfaɗo idan ya sha zafi, ka samu ka ji labaran yamma kafin ya sake mutuwa. Ni ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Wanda ya ɗauka shi ne mutumin da ban taɓa zato ba.

Mahaifina ya ɗago kai ya tambayi direba ko da gaske suna tashi. Direba ya ce wani lokaci. Sai mahaifina ya miƙe, ya ce a ɗauko tsani. Ɗakin Baffa ne kaɗai mai rufin kwano a gidan, ɗansa ya yi masa. Haka na hau, da farar rigata mai guga, na ajiye batura biyu a kan kwano kamar mai shanyar kuɓewa. Mahaifina na ƙasa yana ba da umarni.

"Ba nan ba. Matsa da su can inda rana ke dukan kwanon sosai. Kai da aka ce ka yi makaranta."

Direba ya kashe mota, ya ce zai ba mu ɗan lokaci kaɗan. Mahaifina ya sa aka dama masa fura. Da ya shanye ya fara duban agogo, sai aka ji an ce a kama zakara. Ɗan Baffa ya zo ya durƙusa ya ce Baba, hanya da nisa. Mahaifina ya ce ya sani, ai ba shi ya kawo maganar hoto ba, amma tunda an fara abu sai a gama shi. Mutumin da ya ce kada a ɓata masa lokaci ke nan.

Bayan azahar na zagaya ta bayan ɗaki na hau tsani. Baturan sun yi zafi har suna ƙona yatsa. Na sauko na zuba su, na kunna. Fitilar ta kama, ja-ja, ba ƙarfi, amma ta kama. Na buɗe baki zan yi shela, sai na ji muryar mahaifiyata. Tana nan tsugune tana wanke tukunya, ta ga komai.

"Mayar da su."

"Inna, ai ta kama."

"Na gani. Leƙa ka dubi ubanka, sannan ka dawo ka gaya mini ko ta kama."

Na leƙa ta gefen danga. Mahaifina da Baffa suna gindin tsamiyar ƙofar gida, kan tabarma ɗaya, kwanon nama a tsakaninsu. Mahaifina ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Gardama suke yi a kan wata akuya da kura ta ɗauka tun suna yara, wane ne ya bar garke a buɗe. Baffa na cewa Yaya Liman ka ji tsoron Allah, kai ne ka tafi kallon dambe. Mahaifina na cewa Fasto da ƙarya, to wa ya dawo da dare yana kuka? Yana dariya har yana share ido. Na girma a gidan nan, ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar.

Na koma na hau tsani na mayar da batura inda suke.

Ni ban saba faɗin abin da ba haka yake ba. Aikin sikeli ya hana ni. Da direba ya tare ni ya ce yaya, sun tashi? Na tsaya ina neman amsar da ba ƙarya ba, na ce suna sama. Daga gindin tsamiya mahaifina ya ɗaga murya, ko juyowa bai yi ba.

"Batir bai sha rana ba tukuna. A bar shi."

Sau uku direba na tambaya, sau uku yana samun wannan amsar. Ina zaton shi ma daga baya ya gane, don ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motarsa ya kwanta.

Da aka yi la'asar ya tashi ya zo da ladabi, ya ce Baba, fitilar motata ɗaya ce ke aiki, in ba mu kama hanya yanzu ba dare zai same mu a daji. Mahaifina ya ɗaga kai ya dubi rufin. Inuwar tsamiya ta riga ta rufe kwanon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini in sauko da su.

Na zuba, fitilar ta kama tana rawa. Na fara kiran mutane su koma layi, amma ina layin yake? Mata sun tuɓe kayan ado sun shiga aikin tuwo, yara sun yi buɗu-buɗu da ƙasa, kujerun an mayar ciki. Baffa ya ce kai, mai awo, bar jere-jeren nan, ɗauke mu yadda muke kafin ta sake shiga azumi. Na durƙusa na danna. Ta yi ƙara sau ɗaya, ta fara jan fim, ta tsaya a rabi. Fitilar ta mutu. Shi ke nan abin da rana ta ba mu.

Wajen sallama babu dogon zance. Mahaifina ya shiga ya ciro zangarniyar dawa daga cikin irin da suka ajiye na shuka, ya miƙa wa Baffa. Baffa ya ce Yaya, can fa ba ni da gona. Ya ce ko a bayan ɗaki ne ka zuba, Auta. Da mota ta tashi kowa ya bi ta har bakin hanya, ban da shi. Ya saɓa fartanya ya nufi gona, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba, babu abin nomewa.

Da na koma Funtuwa na yi wa abokina ƙorafi. Ya ce ai laifinsa ne da bai gaya mini ba: irin wannan kyamarar ko an kashe ta akwai abin da ke tsotsar batir a cikinta a hankali, shi ya sa ba a barin su ciki sai ranar aiki. Wato shirin da na yi da wuri shi ya cinye su. Da na yi sakaci irin na kowa, na zuba su da safen ranar, da an ɗauki hoto mai kyau, kowa a wurinsa, mota ta tashi da hantsi.

Hoton ya fito. Ya ɗan karkace, rabin ƙafar Baffa babu. Mahaifina ba hula, bakin Baffa a buɗe yana tsakiyar magana, kwanon nama da ƙasusuwa a gabansu. Na sa aka wanke biyu, na aika da ɗaya Jos. Da na kai wa mahaifina nasa, ya riƙe shi nesa da ido ya daɗe, ya ce Auta ya tsufa, ya miƙo mini. Ya ce in tafi da shi, ba shi da wurin ajiye irin wannan. Amma daga ranar, duk zuwan da na yi gida, bayan gaisuwa sai ya ce, "Ka zo da abin nan naka?" Na koyi sa shi a aljihu kafin in hau mota.

Shi da Baffa ba su sake haɗuwa ba. An yi ta cewa bayan kaka, bayan Salla, bayan Kirsimeti, har mahaifina ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Baffa lokacin ba ya iya zaman mota. Ɗansa ya ce dawar ta fito a bayan ɗaki, kuma Baffa bai yarda an ci ko tsaba ɗaya ba, kowace shekara iri yake mayarwa.

Abin da na gaya wa 'yata uku ne. Ta cire batir idan za ta daɗe ba ta yi aiki da ita ba. Ta riƙe na biyu a jaka. Ta gwada kafin ta tara mutane. Har yau haka nake yi da tocila da rediyo, kuma shawara ce mai kyau, ina ba ku ita ku ma. Ta tambaye ni ko nata zai tashi idan an shanya shi. Na ce a'a, na yanzu rana lalata su take yi, wuta ake sa musu, kafin ka sha shayi sun cika.

Ta ce ai an huta. Na ce haka ne.

Ban gaya mata sauran ba. Tsamiyar tana nan, ɗakin kwanon ya rushe tuntuni. Idan na je ƙauye cikin bazara, rana ta take, na kan tsaya daidai inda tsanin yake a ranar. Da za a mayar da ni can, ba hoton zan gyara ba. Da mahaifina ya ce in sauko da su, zan hau, in taɓa su, in leƙo in ce masa Baba, da saura, ba su sha ba tukuna.