Ranar da Baba Ya Karɓi Sandar Fatsa

Ko da zan manta komai na zamana a Guangzhou, ba na jin zan manta wata safiya da muka kai mahaifina bakin tafki.

A lokacin ina sayen takalma a kasuwar Zhanxi Lu ina turawa Kano. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, sai na ɗauko shi daga garinmu na bakin kogin Haɗeja domin a duba shi. Likitoci suka ce zai iya sake takawa in ya daure da motsa jiki. Shi kuwa ya ƙi. Ya koma zaman shiru a ɗakinmu na unguwar Sanyuanli, yana kallon bangon benen da ke fuskantar tagarmu. Kullum maganarsa ɗaya: a mayar da shi gida ya mutu cikin danginsa.

Matata ce ta ce, "Abban yara, mutumin da ya girma a kan ruwa ka kulle shi a sama kamar tantabara. Mu fita da shi."

Na so in ce kasuwa, na ga idonta, na fasa. Ta dafa shinkafa, muka ɗauki tabarma da yaran, muka shiga tasi zuwa wani wurin shan iska a bayan gari, gindin duwatsu.

Har yau in na rufe ido ina ganin wurin. An yi yayyafi da asuba, hazo ya kwanta a kan tafkin kamar an shimfiɗa farin mayafi. Itatuwan gora suna goga juna suna wani kuka siriri. Tsofaffi sanye da fararen kaya suna motsa hannuwa sannu a hankali, kai ka ce cikin ruwa suke. Yaran suka ruga kan ciyawa, ni ina tura Baba a keken guragu.

Sai na ji ya ce, "Tsaya." Ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Wancan ba bado ba ne?"

Bado ne kuwa, ganyensa faffaɗa ya rufe gefen ruwan. Kusa da shi wani dattijo ɗan ƙasar yana zaune da sandar fatsa. Baba ya zuba masa ido, can ya girgiza kai ya ce, "Ba nan kifi yake ba. Gara ya jefa a gindin ganyen."

Dattijon bai ji ko kalma ba, amma ya gane. Ya yi dariya, ya taso ya miƙa wa Baba sandar da hannu biyu.

Daga kan keke zaren ba ya kaiwa. Baba ya gwada, ya sake gwadawa. Sannan ya dube ni ya ce, "Kama ni."

Na riƙe shi ta hagu, dattijon ya riƙe shi ta dama, ya miƙe yana karkarwa. Ya ja ƙafar nan da ya ce ta mutu har bakin ruwa, ya jefa. Matata ta juya baya tana share ido da gyale.

Bai kama komai ba. Amma ya daɗe a tsaye, suna hira da dattijon, wannan da Hausa wancan da yarensa, kowa na gyaɗa kai. Da muka zauna cin abinci ya ce mini, "Ka yi ta kai ni wurin likita, ba ka taɓa tambayata abin da nake kewa ba."

Washegari shi ya tashe ni mu tafi asibiti. Ya ƙarasa maganinsa, ya koma gida yana dogara sanda.

Tun daga ranar na gane cewa kula da mutum bai tsaya ga magani da abinci ba. In kana son naka ya tashi, ka nemo abin da zuciyarsa take so, ka kai shi kusa da shi.