Ƙarfen da Ya Rage a Aljihun Kawu Sada

Shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu Sada, kuma abin da na fara gani da na shiga ɗakin Inna a Ruwan Godiya a wannan hutun ba fuskarta ba ce. Wani ɗan ƙarfe ne mai lanƙwasa, gefe ɗaya lulluɓe da baƙar roba, ta danne bakin dardumarta da shi kusa da carbi. Na durƙusa ina gaishe ta, bakina yana amsa gaisuwa, idona yana kan ƙarfen. Na san shi. Na san ramuka biyun da ke jikinsa, domin ina zaune aka huda su.

Inna kakata ce, ita ta haifi mahaifiyata da Kawu Sada. Shi bakanike ne a Kankara, garejinsa a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya yake, bango ɗaya da gidanmu. Ni ba mai yawan magana ba ce. Ko a aji, in malama ta yi tambaya, sai in san amsar in kasa ɗaga hannu. Lokacin ina firamare, in an tashi makaranta, sai in zauna a kan wata tsohuwar taya a bakin garejin in yi ta kallo. Bai taɓa korata ba, bai kuma taɓa matsa mini da surutu ba. Hassu yake ce mini, wani lokaci kuma Kunnen Zomo.

Yana da wata akori-kura fara wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Injinta na asali ya gaji, sai ya samo na wata motar daban ya ɗora mata. Ya kai kan injin Funtua aka goge shi, aka rage masa kauri kaɗan don ya zauna daidai ya ƙara ƙarfi. To a nan matsalar ta ɓullo. A gaban injin, bayan wani murfi, akwai sarƙa wadda take haɗa juyin ƙasa da juyin sama, ita take sa bawul ya buɗe ya rufe a kan lokaci. Da aka rage kan injin, sai sarƙar ta yi sako-sako. In an tayar da mota, sai ta riƙa dukan murfin daga ciki.

Ni na ji wannan dukan da kunnena. Kawu yana da wata doguwar sukundireba, yakan ɗora bakinta a jikin injin ya kara mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu daga masallaci mai nisa. Ran nan ya miƙo mini.

"Kunnen Zomo, zo ki gaya mani mi take cewa."

Na kara. Na ji ƙarar injin gaba ɗaya, a ƙarƙashinta kuma wani ƙas-ƙas-ƙas siriri, kamar ana kaɗa cokali a cikin kwano.

"Akwai cokali a ciki, Kawu."

Ya yi dariya har ya dafa bonet. "To wanga cokalin in ya karye, fistin da bawul za su gaisa da juna, kuma ba gaisuwar arziki ba."

Maganin abin shi ne a sa mata madogara, wani ƙarfe mai roba da sarƙar za ta riƙa bi ta kansa don kada ta yi lilo. Makanikai damfa suke ce masa. Amma na kasuwa ba ya hawa injin Kawu, domin injin ya riga ya zama ba na kowa ba: jikin wata mota, kai gogagge, ramukan noti ba inda aka saba ba. Sai ya sayo ɗaya ya zauna yana gyara shi da hannu. Ya goga da magagari, ya gwada, ya ciro, ya sake gogawa. Ya toshe tsofaffin ramukan ya huda sababbi. Hannunsa ba ya shiga lungun da notin ƙasa yake, don haka nawa ne yake riƙe notin in zai gwada. Har yau ina tuna sanyin baƙin mai a tsakanin yatsuna, da faɗan da mahaifiyata ta yi a kan hijabina na makaranta.

Ranar da ya ce ƙarfen ya zauna daidai, bai ɗaura ba. Ya ce sai ya samo sabon gaskit mai hana mai yoyo, ba zai rufe murfi a kan tsoho ba. Ya goge ƙarfen da tsumma ya jefa a aljihun rigarsa. Washegari ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai. Kafin mako ya zagayo an yi masa sutura.

Da aka zo rabon gado, an yi komai yadda shari'a ta ce. Mota da kayan aiki suka faɗa wa babban ɗansa, Yaya Nafi'u. Tufafinsa aka haɗa wa Inna cikin nata kason, domin ita ta roƙi haka. Babu wanda ya laluba aljihu, kuma ko an laluba, malaman da suka yi rabon ba su da dalilin sanin cewa wannan ɗan ƙarfen na cikin motar ne. Haka mota ta tsaya a Kankara, abin da zai riƙe sarƙarta ya hau wata motar ya tafi ƙauye a cikin ƙullin kaya. An neme shi a gareji an rasa. Ni ma na nema, har ƙarƙashin tayar da nake zama.

Yaya Nafi'u direba ne, ba bakanike ba, kuma ba shi da haƙurin mahaifinsa. Ya sa aka rufe injin haka nan. Daga baya wani bakanike a Faskari ya sa masa damfa na kasuwa, ya zauna a karkace, sarƙa ta cinye shi. Tun daga nan ya ce shi ya gama da zancen. Da wannan motar yake ɗaukar masara da mutane tsakanin Kankara, Faskari da Sabuwa, ita ce cin gidansu, ita ce kuma ta kawo ni wannan hutun.

Ina gaba, tsakaninsa da wata tsohuwa mai riƙe da kaza. Tun kafin mu bar gari na ji dukan nan. Yanzu ba ya buƙatar sukundireba. Cokalin ya zama ludayi.

"Yaya, sarƙar nan tana duka."

"Ke kuma injiniyar gidanmu. Shekara nawa tana wannan waƙar, ta taɓa ajiye ni?"

"Da ba haka take ba."

"Hassu, ki bar ni in ji da hanya. Kin ga dawar can ko ba ki gani ba?"

Na gani. Damina ce, dawa ta yi tsayi har ta rufe gefen hanya, ba ka ganin abin da ke bayanta. Duk wanda ya san yankinmu ya san me hakan yake nufi yanzu: maɓoyar ɓarayin daji. Motoci ba sa fita sai rana ta ɗaga, suna bin juna a jere, kuma in motarka ta mutu a tsakanin gari da gari, wanda ke bayanka zai yi maka addu'a ne ya wuce. Ba mugunta ba ce, shi ma da mutane a bayansa. Tsohuwar ta fara salati ƙasa-ƙasa, kazar ma ta yi shiru. Na lura Yaya ba ya taka motar sosai in za mu hau tudu, kuma yakan ɗan karkata kansa wajen bonet. Ashe yana ji. Faɗin hakan ne ba ya son yi.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga wannan zamanin. A lokacinsa ma hanyar ta fara lalacewa, shi ya sa ya dage a kan injin da ba zai ba shi kunya a daji ba. Amma yakan tsaya wa duk motar da ya gani da bonet a buɗe, ko da kaya ya ɗauko, ya fito da sifana yana tsokanar mai ita. Ban sani ba ko yau zai tsaya. Ina jin zai tsaya, kuma wannan tunanin ba ya kwantar mini da hankali. Yaran da suka gaji inuwar darbejiyarsa yanzu a waya suke kallon yadda ake gyara. Ba na jin zai raina su, zai dai ce su kashe wayar su saurari injin. Abin da na tabbata ba zai yafe ba shi ne a rufe murfi a kan aikin da ba a gama ba.

Kwanakin da na yi wajen Inna ban zauna wuri ɗaya ba. In na ɗauki tsintsiya sai in tsinci kaina a bakin ɗakinta. Na ga yadda take yi da ƙarfen. In ta idar da salla, takan ɗauke shi ta riƙe tana shafa robar da babban yatsa, har wurin ya yi sheƙi. Ba ta san sunansa ba.

"A aljihunshi na same shi," ta ce mini da ta kama ni ina kallo. "Riguna duk na ba da sadaka, ƙamshinshi ya fita daga cikinsu. Wanga ko har yanzu in na shinshina ina jin garejin. Mi ne ne shi ma, ɗiyar nan? Ke da kike manne da shi kamar kaska."

Na ce na mota ne.

Na yi ta auna abin. Kawu bai bar hoto mai kyau ba, bai bar gida na kansa ba. Abin da ya rage nasa a hannun uwarsa shi ne wannan, kuma ni ce zan ce ta rabu da shi don a kulle shi a cikin duhun injin inda ba za ta sake gani ba. Ban ma da tabbacin robar ba ta bushe ba bayan shekara biyar. Sai dai ko ta bushe, ramukan suna nan, lanƙwasar tana nan, duk bakaniken kirki zai iya kwaikwayo. Aikin Kawu yana jikin ƙarfen, kuma ba don darduma ya yi shi ba. Abin da ya rage na mutum irinsa, a ganina, ba ƙamshin ba ne kaɗai. Akwai kunnen da ya bar mini, wanda ya hana ni sukuni tun daga Kankara, akwai kuma ɗansa da ke bin hanyar Sabuwa duk ranar kasuwa.

Ranar da Yaya zai biyo ya ɗauke ni, mun jiyo motar tun tana bayan makarantar firamare. Inna tana kan darduma, ƙarfen yana hannunta. Ta ɗaga kai.

"Wannan motar ta Sada kullum sai ƙara take kamar ana ɓarin kwanoni."

Na matsa kusa da ita na durƙusa. Na ce mata:

"Inna, abin da ke hannunki ne take nema. Kawu ya gama shi, bai samu ya ɗaura ba. Don Allah ki ba ni in kai wa Yaya, kuma ke za ki ce masa kada ya sake hawa hanya sai an sa. Ni ba zai ji maganata ba."